Ranar da Motata Ta Daina Kuka a Wurno

Tun da na dawo daga Goronyo ba ku bar ni na sha shayina cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce yaya jikin tsohuwa, Alhaji Sani mai shago kuwa tambayata ya yi ko na sayar da motata, wai ya kwana biyu bai ji shigowata unguwa ba. Ban sayar ba, Alhaji. Tana nan, ita ce dai jar nan mai tsagaggen gilashi. Kuka kawai ta daina. Ni kuma kun san ba na iya dogon labari a majalisa, da na ɗauko sai wani ya katse ni da zancen siyasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Don wanda takardar za ta faɗa hannunsa bai san ni ba, sunana Isiyaku, mutumin Zariya ne. Koyarwa ta kawo ni Sakkwato har na yi ritaya a nan. Matata Luba 'yar wani ƙauye ce a gefen madatsar ruwan Goronyo. Shekara ashirin da shida muna tare, Allah Ya karɓi abinSa wata bakwai da suka wuce. 'Yarmu guda ce, tana aure a Minna. Gidan yanzu daga ni sai rediyo.

Kukan motar kuwa kun fi ni saninsa. Shekara shida ke nan, da na taka birki sai ta saki wata siririyar ƙara, ƙiiii, tun daga kwanar masallaci ake jin ta. Luba ta tsani ƙarar nan. Takan ce, "Malam, kai ba ka jin kunya? Ko gidan gaisuwa munka je sai kowa ya waiwayo." In ce mata gobe zan kai gareji. Abin da ban taɓa faɗa mata ba shi ne, ni ina son abina. Kafin in kashe mota ta zare sakatar get, ruwan sanyi yana jirana a kofi.

Akwai mutum na biyu da ya san kukan, wato Inna, mahaifiyar Luba. Idonta ya tafi ya fi shekara goma. Luba ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta faɗin sunanta. Mu ma a Zariya muna da wannan kunyar, amma ta tsofaffin can ta fi tamu tsanani. Duk zamana da su ban taɓa jin sunan Luba a bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "ta wurinka". In mun je sai mu tarar ta riga kowa fitowa bakin zaure, tana cewa, "Na ji masu kuka sun iso." Iyakar murnar da takan nuna ke nan. Da aka yi rasuwa ma ba ta yi hawaye a gaban kowa ba, aka ce min carbi kawai ta riƙa ja.

Ran nan sai Haliru, ƙanen Luba, ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, jikin Inna ya ɗan matsa. Ta ce a gaya maka ka taho. Kuma ta ce ka taho da motag ga taku, kak ka hau ta haya."

Na gane abin da take nufi. Ba ni take son gani ba, tunda ba gani take yi ba. Kukan take son ji. Shi kaɗai ya rage na Luba wanda zan iya ɗauka in kai mata, na kuwa ƙudura zan kai shi har ƙofarta.

Na fita da sassafe ranar Laraba, da akwati biyu na tufafin Luba a but, ɗaya na Inna, ɗaya na ƙanwarta Kulu da ke aure a Rabah. Niyyata in biya Rabah in ɗauki Kulu ta raka ni, don ban taɓa bin hanyar nan ni kaɗai ba. Kujerar gefena na ɗora wa filas ɗin shayi. Ba mu yi nisa da gari ba na ji bakina ya ce, "Ɗaga gilas, iska ta yi yawa." Filas nake gaya wa. Na miƙa hannu na ɗaga da kaina.

Shingayen jami'an tsaro sun ƙaru a hanyar, kun dai san halin da gabashin nan yake ciki. A na biyu wani soja ya leƙo yana dariya, ya ce, "Baba, wannan mota tun daga nesa take yin sallama." Ya sa na buɗe but, ya ɗaga murfin akwati ya ga atamfofi, ya ce ko kayan lefe ne. Na ce na matata ne, ta rasu. Ya mayar da murfin a hankali ya ce in wuce, Allah Ya ji ƙanta.

Da na taka birki a ƙofar gidan Kulu, sai ga ta ta fito da gudu ko takalmi babu, ta yi turus a bakin zaure. Muka tsaya muna kallon juna. Can ta ce, "Wallahi Malam, na ji kukan mota sai na manta." Ta juya ciki.

Raka ni bai yiwu ba, don jego take yi, kwananta goma sha biyu da haihuwa, ba wanda ya gaya min. Da Luba ce da ta sani tun ranar. Aka kawo min hoce da soyayyen kifi. Ga wanda bai san hoce ba, wani gashin garin dawa ne mai tauri da ɗan tsami, mutanen nan suna ji da shi ƙwarai. Ni shekara talatin ina Sakkwato ban iya cinsa ba, kullum Luba ke cinye rabona ta rufa min asiri. Ran nan na zauna na cinye guda biyu da taimakon ruwa, mijin Kulu yana ta yaba min wai na zama ɗan gida.

Daga Rabah na kama hanyar Wurno bayan azahar. Damina ta cinye hanyar, rami na bin rami, ƙafata ba ta sauka daga kan birki ba. A wata kwana sai ga raƙuma uku da lodin albasa sun ratso titi, mai jan su ko a jikinsa. Na danna birki da ƙarfina. Mota ta tsaya, amma muryarta ta canza. Ba siririn kukan nan ba ne, wata gurza ce mai kauri kamar ana jan tukunya a kan siminti, har a tafin ƙafata nake jin ta. Ba tsoron hatsari na fara ji ba, Allah Ya sani. Tunanina shi ne wannan ba ita ce muryar da Inna ta sani ba.

A giya ta biyu na rarrafa har cikin Wurno. Wani mai kabu-kabu ya ce in bi shi, ya kai ni gindin wani dogon yaro inda wani dattijo ke zaune a kan taya yana goge sifana. Sunansa Labbo. Shi kaɗai yake aiki, ya ce masu koyo duk sun gudu sun koma hawan babur. Ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayar gaba, kowane noti ya cire sai ya jera shi a kan buhu bi da bi. Ya leƙa ya girgiza kai.

"Malam, takalmin birki ya ƙare tas. Ƙarhe ka cin ƙarhe. Allah Ya so ka, bai ɓata hwaihwan da takalmin ka kamawa ba."

Irin nawa babu a Wurno, sai dai a aika wani direba ya taho da shi daga Sakkwato da safe. Na ce ko zan lallaɓa haka zuwa Goronyo. Ya dube ni ya ce ko birkina sabo ne, ba a kama hanyar nan bayan la'asar. Na kira Haliru na ce sai gobe. Ya ce to, amma tun hantsi Inna ta sa aka fitar mata da tabarma.

A zauren Labbo na kwana. Abin da ya burge ni da mutanen Wurno, ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya ci ya ƙoshi. A Zariya da kafin a kawo ruwa an san sunan kakanka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar yakuwa, muka ci mu biyu bai tambaye ni komai ba. Garin duk warin albasa da tafarnuwa yake, har tabarmar da aka shimfiɗa min. Sauron fadamar nan kuwa ba ya jin maganin kowa. Daga cikin gida ina jin matarsa tana yi masa faɗa a kan ya bar buta a rana, yana ba ta haƙuri ƙasa-ƙasa. Na daɗe ban ji abin da ya sa ni kewa kamar wannan faɗan ba.

Da hantsi sababbin takalman birki suka iso. Labbo ya zazzage kwalin, ya juya su gaba da baya, ya tsuke baki.

"Na kasuwa ba su tahowa da shim. Tsohon ma ban ga shim bisa nai ba. Ina shim ɗinka?"

Na ce ban san wannan dabbar ba. Ya ce wani ɗan fallen ƙarfe ne siriri, bai fi murfin gwangwanin madara kauri ba, ana manna shi a bayan takalmin birki. In an taka birki takalmin yakan yi rawa a jikin abin da ke matse shi, rawar nan ce kunne ke ji a matsayin kuka. Shim shi ke shanye ta. Guda huɗu ne, kowace taya biyu.

"Kanikawa da yawa zubar da shi su kai, wai bai da amfani. Motag ga ta daɗe tana kuka, ko?"

Sai abin ya faɗo min. Shekara shida baya, ranar da aka canza min takalmin birki a wani gareji a Sakkwato, muna tare da Luba, daga asibiti muka biya. Bakaniken ya ɓamɓare wasu 'yan ƙarafa ya watsar a ƙasa. Luba ta taso daga benci ta tsince su, ta ce waɗanda suka ƙera mota ba mahaukata ba ne, ba za su sa abu a banza ba. Muka yi mata dariya ni da bakaniken. Tun a hanyar gida motar ta fara kuka.

Na buɗe aljihun gaban mota na tona. A ƙarƙashin tsofaffin takardun mota na same shi, hankicinta mai ruwan ganye, ta haɗa kusurwa huɗu ta ƙulle. Luba tana da wani irin ƙulli, sau biyu take zagayawa ta soke bakin ta ƙasa. Ko ƙullin daddawa ta yi sai na kira ta ta kwance min. Na sa farce, na sa haƙori, ya ƙi. Labbo ya miƙo wuƙa, na ce a'a. Ya karɓa ya duba, ya zaro ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ta ɗan gefen da ya buɗe, ya miƙo min hankicin da ƙullinsa.

"Huɗu cif. Wa ya aje maka su?"

Sai na ba shi labari duka, na Luba, na Inna, da saƙon da Haliru ya ba ni. Na ce ina roƙonsa ya sa takalman haka nan, ya bar shim ɗin. Na tambaye shi ko kukan zai dawo.

Ya ce, "Shina dawowa, wataƙila tun kahin ka kai Goronyo. Birki kuma shina kamawa ko babu su, ba ni yi maka ƙarya. Mota taka ta, Malam. Ni dai ban saba rabin aiki ba, amma abin da kac ce shi za a yi." Ya tashi ya ce bari ya je ya sha fura, in yi tunani.

Na zauna a kan tayar da ya tashi, ƙarafa huɗu a hannun dama, hankici a hagu. Tsohuwa tana can a kan tabarma tana jira, abu ɗaya tak ta roƙe ni a shekara ashirin da shida. Amma ita mai hankicin fa? Sau nawa ta ce, "Malam, abin ga na nan cikin mota, ka sa a mayar." Sau nawa na ce gobe? Ba mantawa nake yi ba. Na bar ta da jin kunya a gidajen mutane shekara shida don kawai in riƙa tarar da get a buɗe. Ta ɗaure su da kyau ta ajiye inda hannuna zai kai, ta yi ta jira har ta tafi. Na ji kunyar kaina a gindin bishiyar nan, na yi hawaye, ba zan ɓoye muku ba.

Da Labbo ya dawo na ce a sa.

Ya ɗauko fetur a gwangwani ya wanke su, ya bi tsatsar da samfefa a hankali. Ya ɗora kowanne a kan wani fasasshen gilashi ya danna da yatsa, wai in ya lanƙwashe ba zai kwanta ba, kuka zai ƙara. Ɗaya ya ɗan karkace, ya daddanna shi da ƙotar guduma har ya miƙe. Ya ware su biyu-biyu, ya nuna min na ciki daban, na waje daban, ba a musanya su. Ya kwance wani ɗan ƙullin leda ya lakato giris, ya ce ba irin na gindin mota ba ne, wannan mai jure zafi ne. Ya shafa kaɗan a bayan takalmin da bayan shim, siriri kamar ana shafa wa jariri mai.

"Baya kaɗai. In ya taɓa huskar da ka kama hwaihwai, ka taka birki mota ta ƙi tsayawa." Ya goge yatsunsa tas kafin ya sake taɓa takalmin.

Ya gama tayar dama, sai ya miƙo min na hagu ya ce ni zan sa, tunda ajiyar gidana ce. Na ɗora, na danna 'yan kunnuwan da ke gefensa suka kama takalmin, na miƙa masa ina ji da kaina. Ya duba ya ce na juya shi. Ya kankare wani wuri da farce, sai ga 'yar kibiya da ban lura da ita ba. Ya ce kibiyar tana bin inda taya ke juyawa in mota na tafiya gaba, in ta kalli baya takalmin zai ci gefe guda. Na cire na sake. Ya girgiza shi ya ji bai motsi, ya zura takalmin a mazauninsa ya tabbatar yana zamewa ba cijewa, sannan ya ɗaure. Kafin in tayar da mota ya sa na yi ta taka birki har ya yi tauri. Muka zaga bayan kasuwa muka dawo, na taka a gindin dogon yaro. Mota ta tsaya shiru.

Da za mu rabu matarsa ta aiko min da ƙullin tafarnuwa, shi kuma ya ce in gai da tsohuwa.

Daga Wurno zuwa Goronyo ba nisa, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ran nan ba. A kasuwar Goronyo na tsaya sayen goro da sukari. Da can in na taka birki a nan har masu ɗinkin buhun albasa sai sun ɗago kai. Ran nan ba wanda ya waiwayo, wani mai amalanke ma saura kaɗan ya hau ni. A kowane rami ina taka birki ina kasa kunne, rabin zuciyata na fatan ko zai ɗan yi.

Na shiga ƙauyen wajen azahar. Tun daga nesa na hango ta a bakin zaure a kan tabarma, ta rame, ta karkata kai wajen hanya. Na zo a hankali na tsaya, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba. Ba ta motsa ba. Ƙarar inji ba ta dame ta ba, motocin albasa na wucewa nan kullum. Na kashe mota na zauna ina kallonta tana jirana.

Na fito na cire takalmi na durƙusa na yi sallama. Ta zabura.

"Wa ka magana? Malam? Mota hwa?"

"Ga ta nan gabanki, Inna."

"Ban ji ta ba."

Na ce an gyara ta a Wurno. Haliru ya fito daga gida, ya ga yanayinmu ya tsaya daga gefe. Can ta ce, "Kwana biyu ina nan zaune. So nike in ji ko sau guda, in yi awa waccan za ta hito." Ta juya fuska wajen bango.

Ban san ta inda zan fara ba da haƙuri ba, sai na ba ta labarin yadda aka yi, daga garejin Sakkwato har gindin bishiyar Labbo. Na ce 'yarta ce ta tsince ƙarafan, ita ta ajiye, shekara shida tana roƙona in mayar ina ce mata gobe. Na ciro hankicin na sa mata a hannu.

Ta shafa shi, yatsunta suka isa kan ƙullin suka tsaya. Ta bi shi zagaye biyu, ta lalubo inda bakin ya soke ta ƙasa. Ta daɗe a haka.

"Wanga ƙullin Luba na," ta ce. "Ni nak koya mata shi."

Haliru ya dube ni, na dube shi. Shi ma tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta sake faɗa, "Luba," a hankali, sannan hawayen da ta riƙe wata bakwai suka zubo, a bakin zaure, a gaban surukinta. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Da ta natsu ta ce, "Ta sha gaya min kukan ga na ba ta kunya. Ka kyauta da ka yi mata." Ta soke hankicin a bakin zanenta. Ban ce ta ba ni ba, ita ma ba ta yi tayi ba.

Kwana biyu na yi. An ba ni kifin dam har na gaji, jikin Inna kuma da sauƙi, masu tambaya. Ranar Asabar na juyo, ban tsaya ko'ina ba sai gaisuwa da na yi wa Labbo ta taga.

Na shigo unguwa ana kiran la'asar. Kuna zaune a ƙofar shagon Alhaji Sani, ku biyar, na wuce ta gabanku ba wanda ya ɗago kai. A kwanar masallaci na taka birki, a ƙofar gida na sake takawa. Na ɗan jima a zaune da hannuna a kan sitiyari. Sannan na fito na zura hannu ta ramin get, na zare sakatar.